Derrinlough: Masana'antar da ta Shekara 63 Tana Mayar da Lakar Fadama Makamashi

Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama, amma Allah bai ba ta abin ƙonawa da yawa ba. Man fetur babu. Kwal ɗin da ake haƙa a da a Arigna da Castlecomer bai taka kara ya karya ba. Dazuzzuka kuwa an riga an sare su tun kafin samun 'yanci a 1922, abin da ya saura bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Abin da ke akwai a wadace shi ne fadamu masu jiƙaƙƙiyar ƙasa, waɗanda ba su nomuwa, sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar.

A ƙarƙashin waɗannan fadamu ne fit yake. Gansakuka ce da ciyayi da suka mutu a cikin ruwa mai tsami inda iska ba ta shiga, suka kasa ruɓewa har ƙarshe, suka yi ta taruwa bisa juna. Kaurinsa yana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya a shekara, kuma a tsakiyar ƙasar akwai wuraren da zurfinsa ya kai mita bakwai ko takwas, wani wurin ma ya haura goma. Da za a binne shi ƙarƙashin nauyi da zafi na miliyoyin shekaru, da shi ne zai zama kwal. Mutanen karkara sun daɗe suna yankansa da wata irin shebur mai kunne, su jingina guntayen da juna su sha iska, su ɗebo su dafa abinci su ɗuma ɗaki. Abin da gwamnati ta so shi ne ta ɗauke wannan aiki daga hannun magidanci da 'ya'yansa ta mayar da shi masana'anta. Masana'antar bulon fit ta Derrinlough, kusa da garin Birr a gundumar Offaly, ita ce ta fi nuna yadda abin ya yiwu, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage.

Matsalar ruwa

Duk wanda bai fahimci lissafin ruwan da ke cikin fit ba, ba zai gane dalilin komai a wannan sana'a ba.

Fadamar da ba a taɓa ba, kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Madarar shanu ma ta fi ta kauri. A ɗebo kilo 100 na wannan laka: kilo 5 ne kaɗai abin da zai ci wuta, kilo 95 ruwa. Ko an ƙona kilo biyar ɗin nan ƙurmus, zafin da za su bayar bai isa ya ƙafar da rabin ruwan da suka zo da shi ba. Saboda haka duk dabarar da za ta busar da fit da wuta tun daga farko ta faɗi tun ba a fara ba, kuma kamfanoni da dama a ƙarni na 19 sun karye a kan wannan, a Ayilan da wasu ƙasashen Turai.

Ga yadda ruwan ke fita mataki-mataki. Idan an haƙa lambatu ruwan ya tsiyaye har jiƙar ta sauko daga kashi 95 zuwa 90, a ido kamar ba a yi komai ba, amma kilo 100 ɗin nan sun koma 50. Kilo 50 na ruwa sun tafi ba da ko sisi na makamashi ba. Idan rana da iska suka sauko da shi zuwa kashi 50, nauyin ya koma kilo 10, wato wasu kilo 40 sun sake tafiya. Aikin da ya rage wa masana'anta shi ne ta sauko da shi daga kashi 50 zuwa kusan 10, wanda bai kai kilo 5 na ruwa ba. Duk ginin Derrinlough da tukunyar tururinta da bututunta, a kan wannan ɗan ragowar suke aiki. Fiye da kashi tara cikin goma na aikin, lambatu da sararin sama ne suka yi shi.

Yadda aka kai ga gina ta

Gwamnatin Éamon de Valera da ta hau mulki a 1932 ta zo da manufar dogaro da kai, ga kuma rikicin ciniki da Birtaniya wanda ya taɓa har kwal ɗin da ake sayowa daga can. A 1934 aka kafa hukumar bunƙasa fit, aka ɗora C. S. Andrews, wanda aka fi sani da Todd Andrews, a kanta. A 1935 ya tafi da tawaga Jamus da Tarayyar Sobiyet don ganin yadda suke yi da injina. Ya dawo da ra'ayin cewa aikin hannu ba zai kai ƙasar ko'ina ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tabbatar da maganarsa ta hanyar da ba a so. Ayilan ba ta shiga yaƙin ba, amma kwal ɗin Birtaniya ya yi ƙaranci ƙwarai. Aka kafa sansanonin ma'aikata a fadamun Kildare, aka riƙa yankan fit da hannu ana lodinsa zuwa Dublin, inda aka jibge shi tsibi-tsibi a gefen babbar hanyar da ta ratsa filin Phoenix Park. Da yawa daga cikinsa a jiƙe ya iso, mata suka sha hayaƙi. Bayan yaƙi, a 1946, majalisa ta yi dokar da ta kafa kamfanin gwamnati Bord na Móna, ta ba shi ikon karɓar fadamu ko masu su ba su so ba. A hankali ya tara kusan hekta 80,000.

Da farko fit mai guntaye aka riƙa yankawa da manyan injina, ana kai wa tashoshin wutar lantarki na Portarlington da Allenwood, waɗanda suka fara aiki a 1950 da 1952. Cikin shekarun 1950 kamfanin ya karkata ga wata hanyar da Rashawa suka daɗe a kanta, ta kankare fuskar fadama a mayar da ita gari. Tashar Ferbane ce ta fara cin irin wannan garin a 1957. Amma gari ba ya ƙonuwa a murhun gida. Don a kai shi ga magidanta sai an matse shi ya zama bulo, kuma kamfanin yana da ƙwarewa a kan haka daga wata ƙaramar masana'anta a Lullymore da 'yan kasuwa suka gina cikin shekarun 1930 kafin ta dawo hannun gwamnati. Derrinlough ta fara aiki a 1960, Croghan ta biyo ta a 1961.

A fili

A lokacin da ake wannan sana'a, kafin a ɗebi ko kwando ɗaya, sai an shafe shekaru biyar zuwa bakwai ana tsane fadamar. Ana tsaga lambatu a jere, tazarar mita 15 tsakanin kowane biyu, ana zurfafa su kaɗan-kaɗan kowace shekara, domin idan aka yi gaggawa bakin lambatun zai zube ya toshe. Ana kwashe tsiron da ke sama, a ɗan tuda tsakiyar kowane fili yadda ruwan sama zai gangara gefe. Taraktocin da ke shiga suna da faffaɗan tayoyi ko sarƙa, in ba haka ba ƙasar ta haɗiye su.

Girbi kansa tsakanin Afrilu da Satumba ake yi. Injin farko yana jan wani ganga mai ƙusoshi da ke juyawa, ya kankare saman ƙasar da zurfin milimita 10 zuwa 15 kacal. Wannan garin ake bari ya sha iska, a bi shi da haro mai kama da cokula a juya shi, wataƙila sau biyu ko uku, har jiƙarsa ta sauko kusan rabi. Sai wani injin ya tattaro shi ya yi kunya guda a tsakiyar fili. Daga nan injin girbi ya ɗaga kunyar ya cilla ta bisa ta filin da ke gaba, ya haɗa su ya sake cillawa, filaye biyar daga dama biyar daga hagu, har su haɗu a dogon tsibi guda. Idan kaka ta ƙare a lulluɓe tsibin da leda. Zagaye ɗaya yana cin kwana uku ko huɗu idan sama ta yi kyau, kuma a shekara mai kyau ana samun kusan zagaye goma sha biyu.

Nan ne raunin sana'ar yake. Masana'anta ce mai ma'aikata dubbai da injina na miliyoyi, amma ranta yana hannun gajimare. Ruwan dare ɗaya yana mayar da aikin kwana uku baya. Bazarar 1985 ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, girbi ya lalace, haka kuma aka sake gani a 2012. Idan kuma rani ya tsananta, sai gobara, domin busasshen garin fit tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kuma wutar tana ci ta ƙarƙashi ba a gani.

Daga tsibi zuwa masana'anta, jirgin ƙasa ne ke ɗauka. Kamfanin ya shimfiɗa nasa ƙaramin layin dogo mai faɗin ƙafa uku, ɗaruruwan kilomita, ɗaya daga cikin mafiya girma irinsa a Turai. Wani sashen layin na wucin gadi ne: a shimfiɗa shi gefen tsibi, a kwashe, a ɗaga ƙarafan a kai wani tsibin. (A wajen kankare fuskar fadama ne a 1984 aka tono wata tsohuwar hanya ta katakon oak a Corlea, wadda bincike ya nuna an sare itatuwanta wajen shekara 148 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ruwan fadamar da ya hana ciyawa ruɓewa shi ya adana ta.)

Cikin masana'anta

A lokacin da masana'antar take aiki, taragu suna isowa a kifar da su cikin rumbu. Abu na farko shi ne gauraya, domin fit ɗin saman fadama fari-fari ne mara nauyi, na ƙasa kuwa baƙi ne mai nauyi, kuma bulo ba ya yin kyau sai an daidaita su. Sannan a niƙa a tankaɗe. Tsakin da ya ƙi wucewa ta rariya, da saiwoyi da guntayen itace, ba a zubar da su: su ne abincin tukunyar tururi.

Wannan tukunya ita ce zuciyar wurin, kuma a ganina nan ne basirar injiniyoyin ta fi fitowa. Tururin da take fitarwa da ƙarfi yana fara juya janareta, masana'anta ta samu wutar da take buƙata. Tururin da ya fito daga janaretan ya rage ƙarfi amma da sauran zafinsa, sai a tura shi ga na'urorin busarwa. Na'urorin dogayen hasumiyoyi ne cike da bututu, iska tana ɗaukar garin ta hau da shi ta cikin bututun, zafi yana kewaye da su ta waje. A jere suke, gari yana fita daga wannan ya shiga waccan. Na ƙarshe-ƙarshen tururi ke ɗuma su. Na farko-farkon kuwa ruwan zafi ne, kuma zafin ruwan daga ina? Daga suracin da ya tashi daga jikin fit ɗin a na'urorin ƙarshe. Wato zafi guda ana mora shi sau uku kafin a sake shi. Tsarin Peco ake ce wa wannan hanya, kuma ba don irin wannan tattali ba da masana'antar ta cinye kaso mai yawa na abin da take samarwa.

Garin da ya fito, jiƙarsa ta dawo kusan kashi 10, ana raba shi da iska a cikin mazurarai da iska ke juyawa a cikinsu, a kai shi injin matsa. Wani ƙarfe ne mai kai da komowa yake tura awo guda na gari cikin maƙogwaron ƙarfe mai ɗan tsukewa, ya danna shi a jikin bulon da ya riga shi. Kowane bugu bulo ɗaya. Ba a zuba ƙaro ko sitaci ko wani abin haɗawa, tsananin matsi da zafi ne ke sa kakin da ke jikin fit ɗin ya riƙe shi. Bulon yana fitowa da zafi, baƙi mai sheƙi a gefe, ya bi dogayen kwararo a jere yana hucewa, sannan injin ya ƙirga ya ɗaure da igiyar roba, kowane ƙunshi kilo 12 da rabi. Da wannan igiyar ake ɗaukarsa daga shago ko gidan mai zuwa but ɗin mota.

Haɗarin wurin ƙura ce. Busasshen garin fit da ke yawo a iska yana iya fashewa, shi ya sa shara da wanke-wanke da sa ido kan duk wani ƙarfe da ya yi zafi suka zama aikin kullum.

Ribar duk wannan wahala tana cikin alƙaluma uku. Kilo ɗaya na garin fit mai rabin ruwa yana ba da zafi kusan megajul 8 (megajul ma'aunin zafi ne). Bulo yana ba da kusan 18 da rabi. Kwal mai kyau yana kai wa 27 ko 28. Bulon bai kamo kwal ba, amma ya kai matsayin da ɗaukarsa a mota zuwa Dublin ko Cork ba asara ba ce, yana kama wuta da sauƙi, hayaƙinsa kuma bai kai na kwal ba. Masu dunƙula buntun shinkafa ko diddigar gawayi a garuruwanmu sun san wannan lissafi: in kayan bai bushe ba, kuɗin mota a kan ruwa ake biya.

Shekarun samu, da bashi

A tsakiyar shekarun 1960 fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin ƙasar daga fit yake fitowa. Tsakiyar Ayilan, yankin da samarinsa suka saba tafiya Ingila da Amurka neman aiki, ya samu albashi mai ɗorewa. Kamfanin ya gina wa ma'aikata unguwanni sukutum a wurare irin su Kilcormac da Rochfortbridge da Coill Dubh, bisa zanen Frank Gibney. Ƙaramin manomi yana yin aikin girbi a bazara ya koma kan shanunsa da sanyi. Makanikai da masu walda da aka horar a garejin kamfanin sun bazu ko'ina a ƙasar.

Tashin farashin mai na 1973 ya sa aka faɗaɗa aikin da kuɗin rance, aka buɗe sababbin fadamu, aka gina masana'antar bulo ta huɗu a Littleton, wadda ta fara aiki a 1981. Ma'aikata suka kai kusan 7,000. Sai farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, daidai lokacin da damina ta ɓata girbi, bashi ya yi wa kamfanin katutu. Eddie O'Connor, wanda ya karɓi shugabanci a 1987, ya rage ma'aikata da yawa, ya mayar da girbi hannun ƙananan ƙungiyoyi da ake biya gwargwadon abin da suka tara. Gidaje kuma suna ta komawa ɗumama da mai da gas. Lullymore ta rufe a 1992, Croghan a 2000. Sababbin tashoshin lantarki uku da aka gina daga 2000 zuwa 2005, Edenderry da Lough Ree da West Offaly, sun tsaya da ƙafarsu ne saboda wani ƙarin kuɗi da aka ɗora a takardar wutar kowane gida. Gaskiyar magana, tun daga nan fit ya daina zama mai arha, riƙe ayyukan yi ne da gudun dogaro da waje suka sa aka ci gaba.

Abin da ya tsayar da injinan

Masu kare muhalli sun fara magana tun farkon shekarun 1980. Wani masanin tsirrai ɗan Holan, Matthijs Schouten, wanda ƙasarsa ta riga ta cinye nata fadamun, ya tara kuɗi a can aka sayi wasu fadamun Ayilan aka miƙa wa gwamnati kyauta don a bar su yadda suke. Fadamar Clara a Offaly an riga an tsaga mata lambatu kafin a cece ta. A lokacin ana maganar tsirrai da tsuntsaye ne.

Maganar sauyin yanayi ce ta zo da nauyin da ba a iya turewa. A ma'aunin da ƙasashe ke amfani da shi, samar da zafi daidai wa daida yana fitar da iskar kabon awo 106 idan fit aka ƙona, kusan 95 idan kwal ne, 56 idan gas ne. Wannan a bakin murhu ke nan. Wanda ya fi shi muni yana fili: da zarar lambatu ya janye ruwa, iska ta shiga, ruɓewar da ta tsaya shekaru dubbai sai ta ci gaba, fadamar ta riƙa fitar da kabon ko ba a ƙona ko ƙwaya ba. Lambatun da ya sa sana'ar ta yiwu shi ne babban laifinta, kuma ba wata gyara da za a yi a cikin masana'anta ta magance wannan.

Littleton ta rufe a 2018. A Yulin 2019 hukumar tsare-tsare ta ƙasa ta ƙi amincewa tashar West Offaly ta ci gaba da aiki ta hanyar komawa ƙona itace a hankali. A Satumban shekarar babbar kotu, a ƙarar da ƙungiyar Friends of the Irish Environment ta shigar, ta soke ƙa'idojin da suka yafe wa masu haƙar fit a fili sama da hekta 30 neman izinin tsare-tsare. West Offaly da Lough Ree suka kashe wuta a Disamban 2020. A Janairun 2021 Bord na Móna ya sanar cewa ya daina girbin fit kwata-kwata. Derrinlough ta ci gaba da cin tsibin da aka tara a baya har zuwa Yunin 2023, ta rufe da ma'aikata kusan 60. Edenderry ta daina ƙona fit a ƙarshen 2023.

Hukuncin daina haƙa daidai ne, ban ga yadda za a kare akasinsa ba. Amma yadda aka yi shi akwai abin cewa. An yi ta gaya wa ma'aikata cewa suna da lokaci har wajen 2030, sai ga shi kotu da hukumar tsare-tsare sun rufe ƙofar cikin shekara biyu, tun ba a shirya abin da zai maye gurbi ba. Buƙata kuma ba ta mutu tare da masana'antar ba. A Satumban 2021 jirgin ruwa ya sauke dubban tan na fit daga Latbiya a tashar Drogheda don masu renon tsirrai, shaguna kuma suka cike gurbin bulon da makamashin da aka shigo da shi daga waje.

A ƙarshen 2020 gwamnati ta ware Yuro miliyan 108 don farfaɗo da kusan hekta 33,000. Wasu daga cikin direbobin da suka yi rayuwarsu suna yashe lambatu, yanzu su ne ke toshe shi da madatsun fit, suna ɗaga ruwa ya dawo dab da fuskar ƙasa don gansakuka ta sake kamawa. Inda aka kankare har ƙasa, kamar Lough Boora, ya zama tafkuna da wurin shaƙatawa, wasu filayen kuma, kamar Mount Lucas, an kafa musu injinan samar da wuta daga iska. Ayyukan ba su kai yawan na da ba, kuma toshe lambatu aiki ne mai ƙarewa.

Yankan fit na gida bai tsaya ba. Ƙa'idojin makamashin gida da suka fara aiki a ƙarshen Oktoban 2022 sun hana sayar da shi a shaguna da ta intanet, amma sun bar mai haƙƙin gado a fadama ya yanka nasa, ya ba maƙwabci ko ya sayar masa. A Offaly da gundumomin da ke kewaye da ita, gidaje da yawa da shi suke ɗuma ɗaki har yau.